Haƙorin da Kafinta Ya Cike

Wani dare matar Kafinta ta ji wata ƙara da ba ta san irinta ba a gidan. Ba ta ɓera ba ce, don ɓera gurgura yake yi, ba ya ƙwanƙwasa. Ba ta famfo ba ce, don famfon tsakar gida ya daɗe da ƙafewa. Ƙwas, ƙwas, sai a yi shiru kamar ana jiran amsa, sai kuma a sake a wani wurin da wani sauti daban. Ta shafa gefen gado ta ji ba kowa. Ta ɗaura zane ta bi ƙarar har ƙofar shago, wanda yake manne da ɗakinsu ta baya.

A can ta same shi zaune kan teburin aiki, ƙwan lantarki yana lilo a samansa. Ya juya ƙaramar gudumarsa ya riƙe ta ta kai, yana ƙwanƙwasa ƙashin fuskarsa da ƙotar, ya karkata wuya yana saurare. Haka yake yi wa katako idan an kawo masa. Akwai katakon da za ka gan shi sumul, alhali gara ta cinye cikinsa, ba ka ganewa sai ka buga ka ji.

"Sufeto, zo ki ji wani abu," in ji shi.

Sufeto yake kiranta tun suna ango da amarya, saboda ba ta wuce tukunya ba ta buɗe ba, ba ta wanke riga ba ta lalube aljihu ba. Ta matso. Ya buga kuncin dama, ƙwas. Ya buga na hagu, ƙasan ido kusa da hanci, sai ya ba da wani sauti mai nauyi, shi kuma ya runtse ido.

"Kin ji? Wannan ɓangaren ya jiƙa."

Ta ce masa mutum ba katako ba ne, gari na wayewa su kama hanyar asibiti. Ya ce asibitin me, ai kai ne yake ɗan sara masa, kuma yana da kabad ɗin wani tela da ya yi alkawarin gamawa a makon. Ta ce haƙorin nan ne. Ya ce an rufe maganar haƙori, ita ce ma shaida. Ta yi tsaki ta koma ɗaki, tana jin sa yana ci gaba da ƙwanƙwasa goshinsa a hankali.

Shaida kam ita ce. Kafinta mutum ne da bakinsa ya zame masa hannu na uku. Tun yana saurayi yake jera ƙusoshi a leɓe, kawunansu ciki, tsininsu waje, yana zarowa yana bugawa, har hira yake yi da mutane a haka, maganar tana fita ta gefe. Haƙorin da ke kusa da fiƙarsa ta hagu, a sama, shi ya sha wahalar. Ƙusa ta ci masa hanya, hanya ta zama tsaga, tsaga ta zama rami. Ya yi ciwon da ya hana gidan barci. Ta ce a je wurin likitan haƙori, ya ce ya san su, ba abin da suka iya sai cirewa, shi kuwa a sana'arsa ba a jefar da katako don ya yi rami. Ana nan sai ciwon ya ɗauke da kansa, kamar an kashe rediyo. Abin da ya rage sai ramin. Abinci yana shiga, wani ruwa mai ɗaci da wari yana fita, shi kuma yana ta tofarwa cikin garin katako.

Wannan ramin ya tsaya masa a rai. Mutumin da ba ya iya kallon ƙofa a karkace bai miƙe ya gyara ta ba, ko da a gidan gaisuwa ne, ga rami a cikin bakinsa harshe yana faɗawa dare da rana. Wata yamma ya kira ta ya ce ta riƙe masa madubi da fitilar waya. Ya tankaɗe garin farin katako ta cikin tsohon ɗankwalinta, ya kwaɓa shi da gam ɗin da yake haɗa ƙafafun kujera, ya kankare farin alli ya zuba har launin ya zo daidai. Ya sakace ramin da tsinke, ya tsane shi da auduga, ya dinga cusa haɗin yana dannawa da kan ƙusa. Sannan ya sa guntun katako tsakanin muƙamuƙinsa ya zauna baki buɗe, miyau yana zuba a rigarsa, yana jiran ya bushe. Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Da ya bushe ya naɗa sanfefa, takardar goge katako, mafi laushi a jikin ashana ya goge. Ta haska, ta duba, ta sake dubawa, ta kasa gane inda ramin yake.

"Kai, hannunka da kyau," ta ce masa.

Wannan kalmar ce daga baya ta dinga dawo mata. Shi kuwa ya sa ta yi alkawarin ba za ta faɗa wa kowa ba. Ya ce kada mutanen layi su ji su yi masa layi da bakuna a buɗe. Ta san ba wannan ba ne. Yayansa yake tsoro, mai riƙe abin dariya shekara da shekaru yana fito da shi a taron dangi.

Warin ya ɗauke, tofar da miyau ta ƙare. Sai ciwon kai ya zo, sai gefen hanci ya ɗan tasa kamar ƙudan zuma ya harbe shi.

Da safe, bayan daren ƙwanƙwasar nan, ta samu ta ja shi zuwa kemis ɗin bakin titi, shi ma don yana son maganin ciwon kai ne ya bi ta. Mai kemis ya saurara, ya taɓa kuncin da yatsa. Ta ce masa ya duba haƙoran. Kafinta ya buɗe baki ba musu, har da ɗaga kai don haske ya shiga sosai. Mai kemis ya haska sama, ya haska ƙasa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Malam, ai haƙoranka sun fi nawa kyau. Babu ko ɗigon rami."

Kafinta ya dube ta ta gefen ido, irin kallon wanda ya ci shari'a. Mai kemis ya ce mura ce ta sauka a fuska, ana yawan samun haka. Ya ba da ƙwayoyi ya ce a yi siraci da ruwan zafi. Ta buɗe baki za ta yi magana, Kafinta ya yi gyaran murya mai tsawo, ta haɗiye. A hanya ta ce masa aikinsa ne ya ruɗi mutumin. Ya ce to ai shi ne aiki. Gyaran da ake gani ba gyara ba ne.

Ita ƙanƙara take sayarwa. Tana da firiza a ƙarƙashin rumfar tsakar gida, tana ƙulla ruwa a leda tana jerawa, masu sayar da lemo suna zuwa su ɗiba. Daga nan take jin aikin mijinta ba tare da ta gani ba. Ta san bugunsa kamar yadda ta san tarinsa: ɗan taɓi na zaunar da ƙusa, sai mai nauyi, sai na rufewa. Kwanakin nan bugun ya rikice. Guduma tana sauka a kan katako, tana sauka a kan iska. Ta kan naɗe ƙanƙara a tsumma ta kai masa, ya ɗora a kunci har ta narke ta jiƙa masa wuyan riga, ya ce ya ji daɗi, ya koma. Kumburin ya hau ya kama fatar ido. Abinci sai ya ɗan taɓa ya ture. Duk lokacin da ta ambaci asibiti sai ya nuna mata kabad ɗin tela da haɓa, yana tsaye ba ƙofofi, ya ce ta bari ya sa masa ƙofa tukuna, shi bai taɓa saɓa wa mutum rana ba.

Wani hantsi ta ji bugu, ta ji shiru, sannan ta ji yana tambaya, ba da ƙarfi ba, wa ya kafa masa ƙusa biyu a wuri ɗaya. Ta shiga ta tarar da babban yatsansa yana jini. Ƙusa ɗaya ce a jikin katakon. Ya ce biyu ne, ɗaya a gefen ɗaya, ya zaɓi ta dama ya buga ashe ba ita ba ce. Ya ɗago ya dube ta ya ce ita ma ta zama biyu, kuma Sufeto ɗaya ma ta ishi gida. Bai yi dariyar ba har ƙarshe. Idon hagu ya yi ja ya turo waje, ƙwayar ta tsaya cak, ba ta bin 'yar'uwarta.

Ta fita bayan firiza ta kira Yaya a waya.

Yaya tsohon direban babbar mota ne, muryarsa tana riga shi shiga gida. Har yanzu Auta yake kiran ƙanin nasa, duk da furfurar da ta cika masa gemu. Ya zo da ƙaramar motarsa, ya dubi idon, ya ce wannan ai na asibitin ido ne, Auta tashi. Kafinta da ya yi kwanaki yana yi mata kunnen ƙashi ya miƙe ba gardama ya nemi takalmi. Abin ya ba ta haushi, amma ta gode wa Allah. Kafin su fita ta ga ya watsa ƙwayoyin mai kemis a baki, ya ce don kada zafin jiki ya dame shi a hanya.

A asibitin ido suka yanki kati suka zauna a layi. Kafinta ya rufe idon hagu da tafin hannu, yana shafa bencin da suke kai da ɗayan, yana faɗa mata cewa wanda ya haɗa shi bai san aiki ba, ƙusa kawai ya zuba. Rana ta take kafin a kira su. Babban likitan yana ɗakin tiyata tun safe, wani matashi ne mai taimaka masa yake ganin mutane, ga layi har waje. Yaya ne ya yi bayani, tun daga tarihin idanun gidansu har zuwa garin katakon da ke tashi a shago. Matashin ya ɗaga fatar idon ya haska, ya taɓa goshi ya ji ba zafi sosai, ya ce wataƙila wani abu ne ya faɗa ya kawo kumburi. Yana rubutu ya tambaya ko akwai wani abu kuma.

"Likita, akwai wani haƙo..."

Ƙafar Kafinta ta sauka a kan tata, a hankali, ta danne.

"Ƙanwata, ido muka kawo," in ji Yaya. "Bari yaro ya yi aikinsa, mutane na jira."

Aka ba su maganin ɗigawa da wasu ƙwayoyi, aka ce idan bai sauka ba su dawo su ga babban likita. A mota ta tattara ƙarfin hali ta ce wa Yaya ita fa haƙori take zargi. Ba ta faɗi cikon ba. Ga mijinta a kujerar gaba ya jingina kai da gilashi, ga alkawari, ga nauyin yayan miji. Yaya ya yi dariya har yana buga sitiyari. Ya ce shi duk shekarun da ya yi a kan titi bai taɓa ganin fashewar taya ta kashe fitilar mota ba. Haƙori yana ƙasa, ido yana sama, kowa da layinsa. Ta juya tana kallon shagunan da ke wucewa, tana jin inda aka taka ta yana zafi duk da ba a danne da ƙarfi ba.

Ta ɗiga maganin yadda aka ce. Yana shiga yana gangarowa ta gefe, don idon ba ya rufuwa. Zazzaɓi ya dawo da ƙarfinsa, irin mai kaɗa gado. Washegari da la'asar tana ƙulla ruwa sai ta ji an taɓa kafaɗarta da wani abu mai sanyi. Kafinta ne tsaye da tef ɗin awo, ya ɗora bakin a kafaɗarta yana ja zuwa ɗayar.

"Hajiya, faɗin nawa kike so? Ki faɗa yanzu, in na yanka ba ya komawa."

Ta kira shi da Malam, ta kira shi da Baban yara, bai amsa ko ɗaya ba. Ta duba fuskarsa sai ta ga idon dama ma ya fara tasawa. Ba ta kira Yaya ba. Ta bar ledar ruwan tana tsiyaya a ƙasa, ta fita titi ba mayafi ta tare tasi, direban ya taimaka mata suka sa shi a baya. Bai saki tef ɗin ba har babban asibiti.

A ɗakin gaggawa wata likita ce ta karɓe su, gajeriya, da biro soke a ɗankwali, idanunta sun nuna ta kwana biyu ba ta yi barcin kirki ba. Ta dubi idanun, ta lanƙwasa masa wuya ya yi ƙara, fuskarta ta canza. Ta fara jero tambayoyi: ko ya yi ƙurji a fuska ya matse, ko kunne ya yi ruwa, ko haƙori. Wannan karon ba ƙafar da za ta taka ta. Ta faɗa duka, tun daga ƙusa har ashana.

"Da me kika ce ya cike shi?"

"Gam, da garin katako. Da alli."

Likitar ta daina rubutu. Nas ɗin da ke ɗaura robar ƙarin ruwa ta juya fuska ga bango. Likitar ba ta yi dariya ba, ba ta yi faɗa ba, kuma matar Kafinta ta so a ce ta yi ɗaya daga ciki. Ta buɗe bakinsa ta haska, ta ce ba ta ga komai ba. Sai da matar ta sa yatsa ta nuna. Aka kira likitan haƙori daga wani ginin, ya zo da ƙaramin ƙarfe mai tsini ya kankara, ya kankara, abin ya ƙi. Ya ɗaga leɓen sama, can ƙuryar dasashi, ya danna, sai ga ruwan nan mai wari da ta sani.

Bayan an ɗauki hoton kansa likitar ta kira ta gefe ta yi mata bayani a tsaye, da kalmomin da za ta gane. Haƙorin da ya daina ciwo ba warkewa ya yi ba, mutuwa ya yi, ya ci gaba da ruɓewa a saiwa. Ramin nan shi ne ƙofar da ƙazantar take fita. Da aka toshe ta sai ta nemi wata hanya, ta yi sama. Ashe jijiyoyin jinin da ke gefen hanci suna bi ta bayan ido su shiga cikin ƙoƙon kai, su zuba a wani ɗan kwari a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, inda na ido biyun suke haɗuwa. A nan cutar ta zauna, jini ya daskare. Ta nuna mata hoton a jikin gilashi, wani abu toka-toka kamar an raba kabewa biyu, da ramukan ido kamar na mujiya. Matar Kafinta ta tsaya tana kallo. Shekara da shekaru tana kwana kusa da kan nan, ba ta san akwai lunguna da mararraba a cikinsa ba, har abu ya taso daga baki ya bi su ya isa inda ya isa ba wanda ya tare shi.

"Likita, idon fa?"

"Mama, yanzu ransa muke nema. Maganar ido sai daga baya."

Labari ya kai wa Yaya, ya iso da magariba yana haki. Ya riga ya ji labarin cikon a bakin nas. Bai yi dariyar da ƙaninsa ya ji tsoro ba. Ya tsaya a kanta a baranda ya ce abu irin wannan tana sane ta yi shiru, me ya hana ta faɗa tun a asibitin ido.

"Na fara, Yaya. Ido kuka ce kun kawo."

Yaya ya shafa aljihu ya ce bari ya je ya nemo musu ruwan sha, ya tafi ya daɗe. Ita kuwa amsar ba ta sanyaya mata rai ba. Ƙafa ce kawai aka ɗora mata, ba dutse ba. Da ta janye ta ƙarasa kalmar.

Aka cire haƙorin a daren, aka tsaga dasashi aka zubar da abin da ya taru. Sai allurai ta jijiya, safe da rana da dare, mako ya bi mako. Ta shimfiɗa tabarma a gefen gadon. 'Yarsu da ke aure a wani gari ta zo ta yi kwanaki ta koma saboda goyo. Masu lemo suka gaji da buga ƙofa suka koma wurin wata. Kafinta yana kwance yana sambatu, wani lokaci yana kiran awo, wani lokaci yana faɗa da wani mai sayar da katako da ya mutu tuntuni. Akwai daren da nas ta ce mata ta kira 'yan'uwa, ta kira, suka zo suka tsaya, gari ya waye yana numfashi, suka watse. A hankali idon dama ya sauka ya buɗe. Wata safiya ya bi silin da kallo, ya sauko kan fuskarta, ya ce Sufeto. Ta sa fuska a cikin mayafi.

Da ya fara zama, harshensa ya je ya tarar da giɓi. Ya tambaya, ta faɗa masa komai, ba ta rage ba, har da ɗan kwarin nan na ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Ya saurara har ƙarshe. Ta ɗauka abin ya shige shi. A ranar nan likitan haƙori ya leƙo duba wurin, riƙe da wata 'yar kwalba da haƙorin a ciki, ya ce yana neman izini ya ajiye shi don ya nuna wa ɗalibai. Kafinta ya karɓi kwalbar ya kai ta kusa da idonsa mai gani ya jujjuya.

"Likita, tsakaninka da Allah, cikon ya saki?"

Likitan ya ce a'a, bai saki ba. Da ya so ganin cikin haƙorin ma sai da ya sa inji.

Murmushi ya kama rabin fuskar Kafinta, ɓangaren da ke motsi sosai. Ya juyo yana neman matarsa don ta ji da kunnenta. Ta miƙe ta fita baranda, don in ta tsaya za ta faɗi abin da ba a faɗa wa majinyaci. Ta riƙe ƙarfen baranda tana kallon masu shanya a ƙasa har hannunta ya yi sanyi.

Kafin a sallame su gajeriyar likitar ta rufe masa idon dama, ta ɗaga fatar na hagu da yatsa, don ba ta ɗaguwa da kanta, ta haska fitila. Ta tambaye shi me ya gani. Ya ce ta kunna tukuna. Ta kashe fitilar ta mayar aljihu. A waje ta ce wa matar jijiyar idon ta mutu, ba ta dawowa. Matar ta tambaya, da an faɗa tun a wurin mai kemis fa, ko a asibitin ido. Likitar ta ce ba ta son yi mata ƙarya, wataƙila da an tsira da shi, amma ta riƙe cewa ta kawo shi da ransa kuma za ta koma da shi da ransa. Ta ce to, ta gode.

A gida firiza ta yi wari, shago ya yi ƙura, kabad ɗin tela yana nan tsaye ba ƙofofi. Kafinta ya rame, rigunansa sun yi masa yawa. Ya yi kwanaki yana zama a tsakar gida yana karɓar 'yan sannu, yana faɗa wa kowa cewa ido ɗaya ya ishi kafinta, dama in za a duba miƙewar katako ai rufe ɗaya ake yi, shi yanzu an hutar da shi. Mutane suna dariya suna cewa Allah ya ƙara sauƙi. Yaya yakan zo ya zauna ya yi ta labarin hanya, ba ya kallon ɓangaren hagu na fuskar.

Wata safiya ta ji ƙarar ƙofar shago. Ta bar wankin firiza ta je ta tsaya a bakin ƙofa. Ya ɗauki katako ya kai ido ya duba tsawonsa, ya ce wannan ya ɗan karkace, kuma gaskiyarsa, ya karkace. Ya ɗora shi a tebur, ya kafa ƙusa da yatsu, ya ɗaga guduma. Gudumar ta sauka gaban ƙusar. Ya gyara tsayuwa, ta sauka bayanta. Ya matso da fuska kusa har ta ji tsoro, ya buga, ya samu gefen kan, ƙusar ta lanƙwashe. Ya zare ta ya ajiye, ya ɗauki wata. Ya ce hasken shagon ne bai isa ba, ta kunna ƙwan. Ya ce teburin ne yake rawa, ta zo ta danne masa. Lanƙwasassun ƙusoshi suka fara taruwa a gefe, katakon ya cika da tabon guduma. Ya sake ɗaukar wata ƙusar. Ita kuwa duk maganganun da ta tara a asibiti tana jiran ya warke ta zazzage masa, ta neme su ta rasa.

Suna haka aka yi sallama daga ƙofar titi. Maƙwabciyarsu ce ta gidan da ke kallon nasu, mace mai fara'a da yawan 'ya'ya, rungume da ƙaramar kujerar tsugunno, ƙafa ɗaya a hannunta daban. Ta ce tun daga ɗakinta ta ji guduma ta ce alhamdulillahi, layi ya dawo daidai. Ta yi masa sannu da jiki, ta ce ai ya yi kyau, har ya fi da haske. Ta ajiye kujerar a kan teburin, kusa da tarin ƙusoshin, ta ce yara ne suka hau suka karya, tunda ga shi har ya fito shago ko zai ɗan buga mata ƙafar kafin ta ɗora girki.

Kafinta yana riƙe da gudumar. Matarsa ba ta ɗage hannu daga teburin ba. Maƙwabciyar ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta gyara goyonta.

"Ko in dawo gobe?"